Hancin Mai Unguwa

Sanarwar ta ce kada labari ya gaza kalma 1,000, kada kuma ya haura 1,500, za a rufe karɓa ranar Lahadi da ƙarfe 11:59 na dare. Sharaɗin farko ko a jikina. Ni da in na tura wa maigidana saƙon ya taho da tumatir sai ya nemi inuwa ya faka babur kafin ya buɗe, ta ina zan rubuta abin da ya gaza kalma dubu? Na biyun ma bai tayar mini da hankali ba, don har ranar ban taɓa ƙirga kalmomin wani abu da na rubuta ba. Mu a sana'armu feji ake ƙirgawa, shi ma don a ga ko ya isa rufe bakin masu karatu.

Kada a ga laifina ni kaɗai. Da littattafan kasuwar Kano aka yaye mu, waɗanda ake fitarwa na ɗaya, na biyu, na uku, mu karɓo haya a shagon bakin layi mu cusa a tsakiyar littafin lissafi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, da sauran 'yan uwansu. Ban taɓa ganin wadda ta mayar da littafi shago tana ƙorafin ya yi tsawo ba, ƙorafin dai a ce na ukun bai fito ba. Da rubutu ya koma waya sai abin ya ƙara gaba. Kullum sai kin saki feji a guruf ɗin WhatsApp, matan da suka biya kuɗin karatu suna zaune suna jira, in ya yi gajarta kafin azahar wayarki ta cika: "Haba Anti Kulu, yau kam kin yi mana rowa." A wannan makarantar na koyi yadda mace za ta tashi daga uwar ɗaka ta nufi falo, ta ci feji biyu ba ta iso ba.

Gasar ta wata ƙungiyar marubuta ce, amma ma'aunin ba nasu ba ne, na Hikayata suka ara, gasar mata zalla da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara cinyewa da "Sansanin 'Yan Gudun Hijira". Ni wadda ta ci a 2017 ce ta zuga ni, Maimuna Idris Sani Beli, da "Bai Kai Zuci Ba". Ita ma fa marubuciyar dogayen littattafai ce. Na ce in mai dogon hannu irin wannan ta iya naɗe shi, ni me zai gagare ni?

Labarina na wata yarinya ne, Zuwaira, marainiya mai suyar awara a ƙofar gida, tana tara kuɗin jarrabawar fita sakandare don burinta ta zama ungozomar asibiti. Dangi suka matsa sai ta yi aure. Ta auri Sabi'u mai gyaran babur, kowa ya ce karatu ya ƙare, sai ga shi Sabi'un ne ya tsaya mata tsayin daka: shi ya biya kuɗi, shi ke kai ta darasi, shi ke rungume da jariri a bakin ɗakin jarrabawa. Manufata in nuna cewa har yanzu akwai mazan kirki. Ku riƙe wannan manufar da kyau, don daga nan ba za ku ƙara jin ɗuriyarta ba.

A zama ɗaya na rubuta shi, a makon ƙarshe ba shakka, ina yi ina share hawaye. Na miƙa wa Auta, ƙanina, ya zuba mini a kwamfutarsa. Ya dubi ƙasan allon, ya dube ni.

"Yaya, nawa suka ce?"

"Dubu ɗaya da ɗari biyar."

"To ai na mutum uku kika rubuta. 4,380."

Na ce injin ne bai iya Hausa ba. Ya ce injin ba ruwansa da yare, gurbi yake ƙirgawa: duk inda kika bar fili tsakanin baƙaƙe, kalma ta ƙare, wata ta fara. Na riƙe wannan bayani, don daga baya na yi niyyar cin amanarsa.

Kai da jela na fara sarewa. Kan shi ne hadarin da ya haɗo daga gabas, da iskar da ke kaɗa bishiyar darbejiya, da tsuntsaye masu komawa sheƙa, da karin magana biyu da na ce masu iya magana ne suka faɗa, duk kafin a ga ko ƙeyar Zuwaira. Ruwan ma bai sauka ba har labarin ya ƙare. Jelar kuwa kira ne ga iyaye, da kira ga malamai, da kira ga masu hannu da shuni, da kira na musamman ga gwamnati a matakai uku. Waɗannan sun tafi ba wanda ya yi kewar su, har gwamnatin.

Sai gaisuwa, ita ta fi tsoka. Goggonnin Zuwaira uku ne, kowacce kuma sai da ta yi sallama aka amsa, aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa ta kurɓa, sannan aka shiga: ina wuni, ya gida, ya yara, ya maigidan, ya jikin Inna, ya zafin nan, ya ƙarin haƙuri, to madalla. A yi shiru kaɗan, sai wata ta ce "To sannunku dai," a koma farko. Kafin Goggo ta uku ta faɗi abin da ya kawo ta an ci kalma 400 da ɗoriya, abin da ya kawo ta kuwa aron turmi ne.

Na san akwai gaisuwar da ita kanta labari ce. Kishiya ta amsa "lafiya" guda ɗaya ta tsuke baki, mai karatu ya gama sanin zaman gidan ba sai an yi masa bayani ba. Tawa ba irin wannan ba ce. Tawa gaisuwa ce tsakani da Allah, ta mutanen da ba su da wata jiƙaƙƙiya da juna, kuma ba su san ana ƙirga musu kalma ba. Na share. Goggonni ukun na narkar da su suka zama ɗaya, wadda yanzu take faɗowa gidan mutane ba sallama, ta ce wa Zuwaira boko ba zai kai ta ko'ina ba, a layi na gaba ta ce ta riƙe karatu da kyau, sannan ta sungumi turmi ta fita. Na tura wa Yaya Rabi ta duba. Da murya ta amsa, a gajarce: "Kulu, wannan Goggon lafiyarta ƙalau kuwa? Kuma a gidan wa ta tashi?" Na ce mata mai baki biyu ce, da gangan na yi ta haka.

Daga nan kwalliya. Yarinyar da na ce ba ta da kuɗin jarrabawa, sai na tarar na saka mata atamfa mai ruwan ganye ɗinkin riga da siket, gyale mahaɗin takalmi, jan baki, kwalli, humra da turaren wuta, duk don ta fita ƙofar gida ta soya awara. Hannu ne ya saba. Ko mabaraciya na ƙirƙira sai na tsaya na yi mata ɗaurin ɗankwali. Wannan bai yi mini ciwo ba. Wanda ya yi mini ciwo addu'a ce. Duk inda aka ambaci mahaifin Zuwaira sai na bi shi da "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan", kalma 11 kowane ambato. Na bar masa guda ɗaya na goge sauran, ina yi ina jin nauyi, har sai da na tuna wa kaina cewa bawan Allahn nan bai taɓa rayuwa ba balle ya mutu, ni na ƙage shi a layi na farko na kashe shi a na biyu.

Lissafi ya sauko 2,300, ya cije. Manya sun ƙare, saura ƙanana. Zuwaira ta sauke ajiyar zuciya, Sabi'u ya ɗan murmusa, ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsunta, ya ce cikin sanyin murya, ta ɗago dara-daran idanunta, ta sake sauke ajiyar zuciya. Yawan ajiyar zuciyar da yarinyar nan ta sauke a shafi huɗu, da a asibiti ne da tuni an ba ta gado. "Sosai" da "matuƙa" da "ainun" kuwa tare suke zuwa mini su uku, ba mai yarda a bar shi a gida. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, aikin tsintar tsakuwa a shinkafar gida: wuya ya ƙage, ido ya yi ja, ki ɗago ki ga tiren yana nan cike yadda yake.

Sai Allah ya haɗa ni da "aka". "Sabi'u ya biya kuɗin" kalma huɗu ce, "aka biya kuɗin" uku. "Sabi'u ya kai ta makaranta a babur ɗinsa" ta koma "aka kai ta makaranta". Ribar ta yi mini daɗi har na rasa inda zan tsaya. Aka sayo littattafai, aka kunna mata fitila, aka hana dangi magana, aka jira ta a bakin ƙofa. Hirarsu ta zance a zaure, wadda na ci kuka wajen rubuta ta, na matse ta ta koma layi biyu, na haɗa da neman aure da sa rana da ɗaurin aure da kai amarya, na dunƙule su a sakin layi guda, na buɗe shi da lefe don a ganina lefe ya fi jan ido. Mutumin da aka gina labarin don a yabe shi ya koma sunansa wuri ɗaya tak ya fito, sauran ayyukansa duk "aka" ta kwashe ladan.

Daren Asabar maigidana, Abban Ummi, ya zauna kusa da ni da kofin shayinsa, ya karɓi wayar ya karanta. A shagon kayan gini yake wuni, inda in an ce ƙafa goma to ƙafa goma ce, don haka bai ga abin wahala a lamarin ba. Ya ɗora yatsa a wani wuri.

"Maman Ummi, wannan mai unguwar me yake yi a nan?"

"Hannu zai sa mata a takardar neman tallafi."

"To ya sa mana. Me ya kawo hancinsa?"

Ga jimlar, ku yi mana alƙalanci: "Mai unguwa dogo ne siriri, mai hancin da kan riga shi shiga zaure, har yara kan ce in ka ga hancin ya leƙo ka fara gaisuwa, mai shi yana tafe." Kalma 30 cif. Na ce masa ko labarin zai koma kalma 30, to waɗannan ne za su rage, don tun ina budurwa nake neman inda zan sa jimlar nan. Ya ce, "Kuma kin san duk layin nan an san mai hancin." Na ce ai ban kama suna ba. Ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa wanda ya ƙi jin shawara addu'a, ya ɗauki kofinsa.

Ragowar ɗari da wani abu da wayo na cinye su. Tunda gurbi injin ke ƙirgawa, sai na hana shi gurbin. Na bi na liƙa karan ɗori duk inda ido ba zai yi saurin kamawa ba: mai-unguwa, ƙofar-gida, kuɗin-jarrabawa, har da in-sha-Allahu. Lahadi bayan la'asar allon ya nuna 1,496. Na yi hamdala, na yi wanka, na sa Auta ya bugo mini a takarda, na nufi gidan Kawu don kawai ya sa albarka.

Kawu Malam yayan Hajiyarmu ne, ya daɗe yana koyar da Hausa a kwalejin horon malamai kafin ya yi ritaya, sanarwar kuma ta ce akwai maki a kan ƙa'idojin rubutu. Na same shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, irin wadda na hana Goggo. Ya sa tabarau, ya zaro jan biro daga aljihun gaba, tun bai gama layin farko ba biron ya sauka.

"Yace. Wane ne Yace? Baƙo muka yi?"

"Ya ce ne, Kawu."

"To raba su, ba tare aka haife su ba."

Haka ya bi. Tace, nace, shine, bazan, zata, dashi, nima, yasan, duk abin da yatsana ya saba mannewa a waya jan biro ya ratsa tsakiyarsa. Da ya zo kan "itace ta biya" sai ya ɗago ya tambaye ni ko na girki ne ko na rufin ɗaki. Kowane ratsi kalma ɗaya ce ta zama biyu, ina zaune a kan tabarma ina jin lissafi yana hawa a ƙirjina. Karan ɗorin da na sha wahalar liƙawa ya tsince su tas, bai ce komai ba, kallo ɗaya ya yi mini ta saman tabarau, ya bar mini na "sannu-sannu" da "tafiye-tafiye". Ya ɗan rama mini a wuraren da na raba abin da ke haɗe: "ta na" ta koma "tana", "su na" ta koma "suna", "sabo da" ta koma "saboda". Ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Na ce, "Kawu, sha biyun dare za a rufe gasar fa."

"Gasa ko? Ai da gasa aka fara."

Ya ajiye biron, na san na jawo wa kaina. Ya faro daga 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ya aiki jikansa ya ɗauko masa Ruwan Bagaja daga cikin kwali, ya riƙe shi da yatsa biyu yana kaɗawa don in ga rashin kaurinsa.

"Imam yana da shekara 22 ya rubuta wannan, yana koyarwa a Midil ta Katsina. A ɗan littafin nan mutum ya bar gida ya zaga duniya, ya yi ta karo da Malam Zurƙe, ya samo ruwan ya dawo. Ke taki yarinyar daga murhun awara zuwa bakin titi ta ci shafi guda."

Ban gaya masa wannan shafin ma bayan tiyata ne ba.

Aka kira magariba. Ya ninke takarduna ya sa a aljihu tare da biron, ya tafi masallaci, Kawu kuwa ba ya dawowa gida tsakanin magariba da lisha. Da ya dawo sai ya ɗora daga gasar kamfanin NNPC, na ɗab'i ba na mai ba, wadda ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, ya ce in je in sake karanta shi a nutse. Sannan ya koma kan ƙugiya, ya ce duk "k" da "d" da "b" da na bari tsirara sai na mayar musu da abinsu. Ban bar zauren nan ba sai wajen tara da rabi, da albarka mai yawa da takardu jajaye.

Na iso gida an ɗauke wuta. Kwamfutar Auta ta mutu tun yamma, wai ƙwallo ya kalla. Saura wayata, ita ma caji ya yi ƙasa. Na zauna a tsakar gida, Abban Ummi yana haska mini takarda da tocila, sauro yana cin rabonsa, ina raba "yace" da babban yatsa, ina danne "k" har sai ta fito da ƙugiya. Ƙarfe 11:35 na gama shigar da gyaran Kawu. 1,713.

Kalma 213 cikin minti 24, alamar caji ta koma ja. Abban Ummi ya buɗe baki, na ce in maganar hanci ce kada ma ya fara, 30 ne kawai, ba inda za su kai ni. Na ja labarin sama da ƙasa ina neman wani ƙato mai kitse da zan cire ɗungurungum, sai idona ya faɗa kan sakin layin da ya fara da "Akwati uku aka kawo da kit, kowanne shaƙe da..." Lefe! Ni da na zubar da kwalliya da gaisuwa, me lefe yake yi har yanzu a labarin marainiya? Na danna, na ja har ƙasa, na goge. 1,488. Har da canji. Da canjin na mayar wa mahaifin Zuwaira addu'arsa guda ɗaya, ya zama 1,499, na ji na rage wani alhaki.

"Sunan labarin fa," in ji Abban Ummi, "shi ma ana ƙirgawa?"

Sunan kalma biyu ne. Na koma wajen marigayin na karɓe "ya sa ya huta".

Saƙon kuma ya ƙi tafiya. A gidanmu sabis wuri ɗaya yake kwana, saitin katanga kusa da randa, shi ma sai an miƙa hannu. Na kifa turmi na hau, waya a sama, Abban Ummi yana riƙe da ni kada in faɗi, yana karanto mini lokaci ba tare da na tambaye shi ba. 11:57 ya wuce. Ina kan turmin wayar ta mutu.

Washegari na tafi gidan Hajiya in karanta mata, don ita ce mai sauraro ta farko tun ina rubutu a bayan littafin makaranta. Tana tsinkar zogale, ni ina karatu da muryar rediyo. Awara ta wuce lafiya. Goggo ta faɗo ba sallama, Hajiya ta ce "Ikon Allah," ta ci gaba da tsinka. Hancin mai unguwa ya leƙo, ta yi dariya har da tafa hannu, na ce a raina ga wadda ta san adabi. Na ɗora:

"Mai unguwa ya sa hannu ya miƙa mata takardar, ya ce duk lokacin da take da wata buƙata ta zo ta same shi, ko da dare ne. Da shekara ta zagayo, ranar wata Laraba, naƙuda ta kama Zuwaira. Aka kai ta asibiti, aka biya kuɗin gado. Ranar suna mata suka cika gida suna ɗaga jariri suna cewa, tubarkalla, dogon hancin ubansa ya ɗauko sak."

Hannun Hajiya ya tsaya a cikin zogale.

"Kulu. Wa ya aure ta?"

"Sabi'u mana, Hajiya."

"Wane Sabi'u?"

Na ja sama. Na ja ƙasa. Na sa wayar ta nemo mini "Sabi'u", ta ce babu. Zancen zaure, sa rana, sadaki, waliyyi, shaidu, goro da alawa, da layin da na ce shi ma fari ne mai dogon hanci irin na samarin littafi, duk suna ƙarƙashin akwatunan nan uku, tare suka tafi. Namiji ɗaya ne ya rage da rai a labarin kaf, na kuma kashe kalma 30 ina tabbatar wa alƙalai da siffar hancinsa.

Hajiya ta yi salati ta ture tiren zogale. "'Yar mutane, marainiyar Allah, kin rasa abin da za ki yi mata sai wannan? Maza kira su ki ce a ɗaura auren nan." Na ce an rufe, sanarwa ta ce ba a karɓar gyara. Ta ce ita ba ta san wata sanarwa ba, ko layi ɗaya ne a sa, "an ɗaura" kawai, in wuri ne babu sadakin ma a bar shi ajalan.

Da sakamako ya fito ban shiga ukun farko ba, amma sunana yana cikin waɗanda aka ce sun cancanci yabo. Bayanin alƙalai ya jinjina wa ƙarfin halin marubuciyar wajen tona yadda wasu masu riƙe da unguwa ke cin amanar marayu, da gwanintar da ta nuna ta ƙin faɗa ƙarara, ta bar mai karatu ya gano da kansa. Suka ce yadda ta yi ta amfani da "aka" daga farko har ƙarshe ya fito da yadda al'umma ke rufa wa mai laifi asiri. Yaya Rabi ta ce in karɓi yabona in ja bakina in yi shiru. Kawu ya ce ƙa'idojin rubutu dai sun fita tas, sauran ba fanninsa ba ne.

Abin da ya hana ni barci shi ne layin ƙarshe na sanarwar: za a karanta labaran da aka yaba a wani gidan rediyo, ɗaya duk daren Juma'a, da sunan marubuciya da unguwarsu. Mai unguwarmu kuwa ba ya rabuwa da rediyo, bayan lisha a ƙofar gida yake kafa kujera dattawan layi kewaye da shi, shi ne kuma ya karɓa wa Abban Ummi aurena. Na lallaɓa na tambayi Abban Ummi ko zai je ya yi masa bayani tun kafin ranar ta zo. Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin.

"Ai an ba da shawara a cire hancin nan," in ji shi. "Aka ƙi."